Kanopy, Swank ko faifan DVD: wanne ya fi wa laburaren jami'a?

A ce kai malami ne a wata jami'a a Amurka, kana koyar da tarihi ko adabi, ka tsara cewa ɗalibanka arba'in za su kalli wani fim kafin darasin ranar Talata. Fim ɗin yana nan a Netflix, kai ma can ka kalle shi a falonka. Sai ka aika wa laburaren jami'a saƙo, ka ce don Allah a ɗora maka shi a shafin darasi. Amsar da za ta dawo ba za ta yi maka daɗi ba. Za a ce maka ba su da ikon yin haka. Netflix da Amazon Prime Video da Disney+ ba sa sayar wa makarantu lasisi, kuma yarjejeniyar da ka danna ka amince da ita ranar da ka yi rajista ta ce kallon naka ne kai da mutanen gidanka. Ɗan sassaucin da Netflix ya yi bai wuce na wasu finafinan gaskiya (wato dokumentari) da ya shirya da kansa ba, waɗanda ya yarda a haska a aji ta asusun malami, ba tare da an karɓi kuɗin shiga ba.

Daga nan aikin ma'aikacin laburare yake farawa. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya buɗe wa ɗalibai rumbun finafinan intanet na Kanopy, ya yi hayar fim ɗai-ɗai daga kamfanin Swank, ya saro babban rumbu da kuɗin shekara, ko ya koma ga faifai da mallakar dindindin. Masu talla za su cika masa kunne da yawan finafinan da kowanne yake da su. Ni a ganina wannan lissafin shi ne mafi ƙarancin amfani. Tambayar da take raba gardama ita ce: wa yake riƙe da bakin jakar kuɗin, kuma idan shekara ta ƙare me ya rage a hannun laburare?

Abin da doka ta bari kyauta

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a san abin da ba ya buƙatar lasisi. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, a kashin farko na sashe na 110, ta yarda malami ya haska fim daga farko har ƙarshe a cikin aji, ido da ido da ɗalibansa, muddin makarantar ba ta neman riba ba ce, kuma kwafin na halal ne. Faifan da aka sayo dala ashirin a kanti ya wadatar. Sashe na 109 kuma ya ba wanda ya sayi faifai ikon ba da aronsa, wanda shi ne tushen da duk wani laburare yake tsaye a kai. Duk wanda ya san shagunan hayar kaset na Kano a shekarun baya ya san yadda abin yake: kaset ɗaya, a yi ta zagayawa da shi gida-gida har ya fara tauna.

Da zarar an bar aji an koma intanet, magana ta sauya. Dokar TEACH ta 2002 ta gyara kashi na biyu na sashe na 110 domin karatu daga nesa, amma game da finafinan labari ta ce yanki daidai gwargwado kawai za a nuna. Cikakken fim na awa biyu bai shiga ciki ba. Saura sashe na 107, wanda yake magana kan amfani na adalci, shi kuma awo ne da ake yi da ma'auni huɗu: manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗauka, da illar da za a yi wa kasuwar mai abu. Ma'auni na huɗun nan shi yake cin laburare. Idan kamfani yana da lasisin fim ɗin a kasuwa ka ƙi saya ka ɗora naka, ka raunana hujjarka da hannunka. Ga kuma dokar DMCA ta 1998 da ta hana fasa makullin da ke jikin faifai. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana fitar da sassauci duk bayan shekara uku, amma na gajerun yankuna ne domin koyarwa.

Wato dai fim ɗin da malami zai haska kyauta ranar Talata a aji, idan yana son ɗalibi ya kalla a ɗakinsa daren Litinin, sai an biya. Wannan 'yar tazarar ita ce kasuwar gaba ɗaya. Ta kuma buɗe baki sosai a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle azuzuwa, faifan da ke kan kanta ya zama ba mai iya zuwa ɗaukarsa.

Kanopy: famfon da ba a kashewa

An kafa Kanopy a 2008 a Ostireliya, daga baya ya koma San Francisco, a 2021 kuma kamfanin OverDrive, wanda aka sani da ba da aron littattafan lantarki, ya saye shi. Rumbunsa ya kai finafinai wajen 30,000, kuma ƙarfinsa yana wurin finafinan gaskiya, finafinan ƙasashen waje, tsofaffin finafinan da masana suke ji da su irin na Criterion Collection, da na ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Shafinsa yana da kyan gani, kamar na Netflix. Ɗalibi yana shiga da lambar jami'arsa ya kalla a waya ko a talabijin, malami kuma yana iya yanko minti biyar daga tsakiyar fim ya liƙa a darasi. A fannin daɗin amfani babu wanda ya kama ƙafarsa.

Kyan nan nasa shi ya zame wa laburare da yawa alaƙaƙai. Tsarin da ya yi suna da shi a jami'o'i shi ne wanda mai kallo yake jawo saye da kansa. Ana buɗe rumbun duka, laburare bai biya komai ba tukuna. Idan aka kunna wani fim sau huɗu, ko da na ɗan lokaci ne, sai lasisi ya hau kan laburare. Farashin da jami'o'i da dama suka bayyana wajen 2019 shi ne dala 150 na shekara ɗaya, dala 350 na shekara uku.

Bari mu buga lissafi. Aji mai ɗalibai 40 ya kalli fim ɗaya a kan dala 150, kowane ɗalibi ya tashi a kan dala 3.75. Wannan araha ce, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma idan ɗalibai huɗu ne daban-daban suka leƙa wani fim a daren Asabar, kowanne ya kalli kaɗan ya ga bai yi masa ba ya fita, kuɗin dai dala 150 ne, wato kowane leƙe ya ci dala 37.5. Idan irin wannan ta faru a finafinai 200 cikin zangon karatu ɗaya, an tashi da dala 30,000, alhali babu malamin da ya nema. Ɗalibin bai yi laifi ba. An ce masa kyauta ne, kuma a wurinsa kyauta ɗin ne. Abin ya yi kama da gidan haya mai mitar wuta ɗaya: kowa yana kunna rishonsa, mutum ɗaya yake sayen kati.

Ba jami'o'i kaɗai abin ya taɓa ba. A tsakiyar 2019 manyan laburaren jama'a uku na birnin New York, wato na New York da na Brooklyn da na Queens, suka daina amfani da Kanopy, dalilin da suka bayar kuwa tsada. Nasu tsarin ya bambanta, suna biya ne kan kowane kallo, amma cutar ɗaya ce: yawan masu son abin shi ne yawan bashin, kuma ba a sanin adadin sai wata ya ƙare.

Maganin da jami'o'i da yawa suka koma gare shi shi ne sa mai gadi a ƙofa. Rumbun yana nan ana ganin sunayen finafinai, amma wanda ba a riga an biya ba, sai an cike takardar nema, ma'aikaci ya duba ko na darasi ne, sannan ya saya. Wannan ya tsayar da yoyon kuɗi. Ya kuma kashe abin da ya sa ake son Kanopy tun farko, wato ɗalibi ya yi tuntuɓe da fim ɗin Senegal ko na Iran da bai taɓa jin labarinsa ba. Akwai masu bin tsaka-tsaki: su ajiye wani adadi na kuɗi, idan ya ƙare famfo ya rufe da kansa. Illar wannan ita ce kuɗin kan ƙare a tsakiyar zango, daidai lokacin da malamin da ya tsara fim ɗinsa a mako na goma yake buƙatarsa.

Swank: haya ɗai-ɗai, an san abin da aka saya

Swank Motion Pictures tsohon hannu ne. Tun 1937 yake a birnin St. Louis na jihar Missouri, sana'arsa kuwa dillancin izinin haska finafinai a wuraren da ba silima ba, irin su makarantu da asibitoci da jiragen ruwa. Reshensa na jami'o'i sunansa Digital Campus. Abin da yake da shi wanda Kanopy ba shi da yawansa shi ne finafinan manyan kamfanonin Hollywood, irin su Warner Bros. da Universal da Disney da Paramount da Sony. Idan malamin nazarin zamantakewa yana son wani shahararren fim da aka yi rububinsa a silima shekara biyar da suka wuce, akasari nan za a same shi, idan babu a nan kuwa da wuya a samu a wani wuri ta halal.

Tsarinsa ba shi da ruɗani. Malami ya ambaci fim, laburare ya biya lasisinsa, yawanci na shekara guda, a ba shi mahaɗin da zai liƙa a shafin darasi na intanet irin Canvas ko Blackboard ko Moodle. Ana kuma sayar da su a dunƙule, laburare ya biya kuɗin wani adadi na finafinai ya riƙa cike guraben yadda buƙata ta zo, ko ya ɗauki tarin da kamfanin ya riga ya haɗa. Farashin kowane fim ba ya nesa da na Kanopy, yana kuma sauka idan aka ɗauki da yawa. Babban bambancin shi ne babu abin da zai hau kanka ba ka sani ba.

Sai dai duk shekara sai an sake zama. Wani ma'aikaci sai ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko har yanzu suna amfani da fim kaza, su kuwa malamai, Allah Ya ba su haƙuri, ba su cika amsa saƙo a lokacin hutu ba. Idan aka sabunta ba a tambaya ba, a biya kuɗin fim ɗin da malaminsa ya yi ritaya. Idan aka bari ya mutu, a wayi gari ana gobe jarrabawa mahaɗi ya daina aiki. Wannan wahalar ba ta fitowa a takardar farashi, amma albashin wanda yake yin ta kuɗi ne.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin Swank ɗin kansa. Shi dillali ne. Idan kamfanin da ya mallaki fim ya janye shi, ko aka sayar da haƙƙinsa ga wani, fim ɗin zai fita daga rumbu ko da malami ya gina darasin shekara goma a kansa. Haka abin yake a Kanopy ma. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sari: biya sau ɗaya a shekara, kalli duka

Hanya ta uku ita ce a biya kuɗin shekara a buɗe babban rumbu, a kalla iya son rai ba ƙari. Manyan 'yan wasa a nan su ne Academic Video Online na Alexander Street, kamfanin da ProQuest ya saya a 2016 kafin kamfanin Clarivate ya sayi ProQuest ɗin shi ma a 2021, da kuma Films on Demand na Infobase. Kowanne yana da bidiyo dubun-dubatai. Kanopy ma da ya ga yadda jami'o'i suke gudun tsarinsa na farko ya fito da nasa tarin na kuɗin shekara mai suna BASE, wanda wani ɓangare ne na rumbunsa.

Akanta yana son wannan hanyar, domin tun farkon shekara ya san abin da zai biya. Ɗalibi ma ya sami damar yawo a rumbu ba mai tare shi. Amma mu tuna da abin da muka zo nema, wato cikakkun finafinan labari. Akasarin abin da ke cikin waɗannan rumbuna finafinan gaskiya ne, da laccoci, da hirarraki, da tsofaffin labaran talabijin, da bidiyon koyar da aikin jinya ko na ba da shawara. Finafinan labari suna nan, Infobase ma yana da tari na musamman mai suna Feature Films for Education, amma ba kai ka zaɓe su ba. Kamar wanda ya saro dilar gwanjo ne: akwai na kirki a ciki, sai dai rigar da aka aiko ka nema ba lallai tana ciki ba. Idan malamai suka kawo sunayen finafinai 60, aka duba aka ga 9 ne kawai a rumbun sari, to sauran 51 ɗin sai an sake zuwa wurin Swank ko Kanopy, ga kuɗin shekara an riga an biya.

Saboda haka kafin a sa hannu a kan sari, a yi wannan gwajin mai sauƙi. A tattara jerin finafinan da aka nema a shekara biyu da suka wuce, a nemi kamfani ya ba da jerin abin da ke rumbunsa, a ɗora wannan a kan wancan. Aikin yini ɗaya ne. A kuma tambaye su finafinai nawa suka fita daga rumbun bara, domin ana cirewa ana sakawa a kai a kai.

Wata 'yar fadakarwa a gefe: Criterion biyu ne. Akwai Criterion Collection na New York mai gyara tsofaffin finafinai, akwai Criterion Pictures, dillalin izini, mai rumbun Criterion-on-Demand da jami'o'in Kanada suke amfani da shi. Suna ne kawai ya haɗa su.

Faifai da mallakar dindindin

Hanya ta huɗu ita ce wadda ake yi wa kallon tsohon yayi, ni kuwa ita nake ganin an fi yi wa rashin adalci. Fim ɗin da ake koyarwa da shi duk shekara, idan ana sabunta lasisinsa a kan dala 350 duk shekara uku, cikin shekara tara an biya dala 1,050, kuma ranar da aka daina biya babu komai a hannu. Faifan da aka saya sau ɗaya yana nan a kan kanta, babu kamfanin da zai aiko a karɓe shi.

Tsakanin faifai da haya akwai wani mataki. Ƙananan masu rarraba finafinai, irin su Icarus Films da Women Make Movies da Bullfrog Films da California Newsreel, sukan sayar da lasisi mai tsawo, wani lokaci na tsawon ran fayil ɗin, ko dai ta dandalin Docuseek da makamantansa, ko su ba laburare fayil ya ɗora a kan na'urarsa a bayan kalmar sirri. Kuɗin yakan kai ɗaruruwan daloli, amma sau ɗaya ne. Sharaɗin shi ne laburare yana da inda zai ɗora da wanda zai kula. Manyan kamfanonin Hollywood kuwa ba su san wannan zancen ba. Ƙofar ma ƙara tsukewa take yi: a farkon 2025 Clarivate ya sanar da cewa zai janye daga sayar da mallakar dindindin ya karkata ga kuɗin shekara, sanarwar da ta tayar da ƙura a tsakanin ma'aikatan laburare.

To me zai hana laburare ya kwafi faifansa ya ɗora wa ɗaliban aji ɗaya? Jami'ar California da ke Los Angeles ta yi haka, kamfanin Ambrose Video da wata ƙungiyar masu sayar da finafinan ilimi mai suna AIME suka maka ta a kotu a 2010. Kotu ta kori ƙarar a 2011, ta sake korar ta a 2012. Mutane da yawa suna kafa hujja da wannan, amma a yi hattara. Akasarin dalilan korar na tsarin shari'a ne, irin su kariyar da jami'ar gwamnatin jiha take da ita da kuma rashin hurumin ƙungiyar na shigar da ƙara. Kotun ba ta kafa doka cewa kowa yana iya ɗora cikakken fim ba. Jami'a mai zaman kanta ba ta da wannan garkuwar. Shi ya sa za ka ga jami'o'i biyu a gari ɗaya, wannan tana ɗorawa idan babu lasisi a kasuwa, waccan lauyanta ya ce ko kusa.

Tsofaffin kaset na VHS suna da nasu hukuncin. Sashe na 108 ya yarda laburare ya yi kwafin maye gurbi idan abin ya lalace ko na'urar kunna shi ta ɓace daga kasuwa, kuma ba a sami sabo a farashi mai ma'ana ba. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya daina a 2016. Amma kwafin lantarki da aka yi ta wannan hanya ba a fita da shi daga harabar laburare.

Raunin faifai a bayyane yake. Kwamfutocin ɗalibai na yanzu ba su da ramin sa shi, ɗalibin da ke karatu daga wata jiha ba zai zo ɗauka ba, kwafi ɗaya kuma ba zai zagaya mutum 40 cikin mako guda ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne finafinai da yawa na yanzu ba a buga su a faifai ko kaɗan. Suna fitowa a dandalin kamfani ɗaya su zauna can. Irin waɗannan, gaskiyar da za a gaya wa malami ita ce ɗalibai su yi rajistar wata ɗaya da kuɗinsu, ko ya sauya fim.

Abubuwan da ake mantawa sai an sa hannu

Lasisin darasi daban, izinin haskawa a bainar jama'a daban. Idan ƙungiyar ɗalibai tana son daren fim a babban zaure, mahaɗin Digital Campus bai ba ta wannan ikon ba, sai ta sayi izini na musamman, wanda yakan kai ɗaruruwan daloli a haskawa ɗaya. Wasu finafinan Kanopy da na ƙananan masu rarrabawa suna zuwa da izinin a haɗe idan ba a karɓi kuɗin shiga ba. A duba kowane fim da kansa.

Sai rubutun ƙasan allo domin kurame, da bayanin murya domin makafi. A watan Afrilu na 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a ƙarƙashin dokar naƙasassu da ta ɗora wa hukumomin gwamnati, har da jami'o'in jihohi, nauyin sa abin da suke ɗorawa a intanet ya zama kowa yana iya amfani da shi. Manyan dandali sukan zo da rubutun. Fayil ɗin da ka ɗora da kanka, kai za ka biya a rubuta.

Na uku iyakar ƙasa. Ana sayar da haƙƙin fim ƙasa-ƙasa ne, don haka abin da ya buɗe a Chicago yana iya ƙin buɗewa ga ɗalibin da ya koma gida hutu ko wanda ke reshen jami'ar a wata nahiya. Kowace ƙasa ma da nata tsarin. A Birtaniya jami'o'i suna da lasisin ERA, wato izinin naɗar shirye-shiryen tashoshi domin koyarwa, da dandalin BoB na ƙungiyar Learning on Screen, wanda yake adana abin da aka watsa a talabijin da rediyo, har da finafinan da tashoshi suka haska, amma a cikin Birtaniya kawai ake kallo. A Kanada gyaran doka na 2012 ya cire buƙatar sayen izini kafin a haska fim a aji.

To wanne za a ɗauka?

Ƙaramar kwaleji da buƙatarta ba ta wuce finafinai ashirin ko talatin a shekara ba, kada ta wahalar da kanta da sari. Ta sayi ɗai-ɗai: na Hollywood daga Swank, na waje da na gaskiya daga Kanopy mai mai gadi a ƙofa. Kafin ta sayi kowanne ta tambayi malami abu biyu: a aji za a kalla ko a gida, kuma dukan fim ɗin ake so ko wani yanki? Sau da yawa amsar takan nuna faifan dala ashirin ya isa.

Jami'ar da ke da darussan intanet da yawa, musamman a fannin jinya da koyarwa da nazarin zamantakewa, sari zai yi mata rana, domin irin bidiyon da ke cikinsa shi take buƙata. Sai ta ware wani kaso daban na finafinan labari, kada ta zaci sarin ya rufe wannan.

Jami'ar da ke da sashen nazarin fim kuwa ba ta da zaɓin ɗaukar ɗaya. Za ta haɗa duka, kuma ita ce ya fi kamata ta ci gaba da sayen faifai ko da ta biya lasisin fim ɗin, saboda ita ce za ta nemi fim ɗin nan da shekara ashirin. Buɗe famfon Kanopy ba iyaka kuwa, ban ga wanda zan ba wannan shawarar ba sai mai kuɗin da ba ya tsoron takardar bashi. A kan lasisin Kanopy na shekara ɗaya ko uku kuma, da farashin 2019, lissafin a fili yake: sau uku dala 150 ya kama 450, an rage dala 100 ke nan idan aka ɗauki na shekara uku, amma idan darasin ba zai wuce shekara biyu ba, biyan 300 ya fi.

Akwai wani gurbi da duka huɗun ba su cike ba, kuma ya shafe mu. Jami'o'i irin su Wisconsin da ke Madison sun daɗe suna koyar da Hausa da nazarin Afirka, malamin da yake son ɗalibansa su kalli fim ɗin Kannywood kuwa da wuya ya same shi a Swank ko a rumbunan sari. Wanda furodusa ya ɗora da kansa a tasharsa ta YouTube ana iya ba ɗalibai mahaɗinsa, sai dai yana iya ɓacewa gobe, kuma akasari ba shi da fassarar ƙasan allo. Hanyar da ta rage ita ce laburare ya nemi furodusan kai tsaye, a rubuta 'yar takarda mai shafi ɗaya ko biyu: sunan fim, tabbacin cewa shi ne mai haƙƙin ba ɗan kasuwar da ya taɓa sayen kwafi ba, shekara nawa, su wa za su kalla, ko an yarda a ƙara fassara, ko an yarda a haska a taro, da nawa za a biya. Furodusan da ya shirya irin wannan takarda tun kafin a nema, tare da fayil mai tsabta da fassarar Turanci, ma'aikacin laburare zai iya biyan sa daga kason da yake biyan Swank da Kanopy.